Taswirar Masu Proje: Yadda Amsarka Ke Zama Ja Ko Kore

Ga bayanin da muka yi a filin kasuwa da kiwo, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna bayan shanu. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku ita ce ta yaran nan masu riga mai tambari da waya a hannu. Suna shigowa kasuwar Kilomita Biyar, Sankilo kamar yadda kowa ke faɗa, su tsaya gaban shago su tambayi kuɗin shinkafa da sabulu da mai, su latsa waya, su wuce ba su sayi komai ba. Wasunsu kuma a bakin burtali ake samun su, ko a kasuwar shanu ta PK45 kan hanyar Boali, suna tambayar daga ina garke ya taso, ina ya nufa, kai nawa ne. Kowa na cewa: wannan magana ina take zuwa, wa ke karanta ta, me za ta jawo mini?

Amsar a taƙaice ita ce tana zuwa allon kwamfuta a ofishin shugaban proje, ta zama launi a kan taswira. Da wannan launi ake zama a yanke inda za a kai allurar rigakafin shanu, inda za a haƙa rijiya, burtalin da za a kafa wa alama, da garin da za a ce a dakata tukuna. Ba ka cikin ɗakin da ake yanke shawarar, amma amsarka tana ciki, ko kuma rashin amsarka. Shi ya sa ya kamata ka san yadda ake dafa wannan tuwo.

Daga bakinka zuwa ofis

Yaron da ya tsaya gabanka ba shi ne mai proje ba, ɗan aike ne. An ɗauke shi aiki, an koya masa tambayoyin, an zuba masa su a waya. Manhajar da da yawansu ke aiki da ita sunanta KoboToolbox, kuma ba ta haɗa komai da kwabon Najeriya ba. Masu bincike biyu ne suka faro ta, Patrick Vinck da Phuong Pham, waɗanda su ma sun taɓa gudanar da tambayoyi a ƙasar nan, rahotonsu ya fito a 2010. Abin da ya sa ƙungiyoyi ke son ta shi ne tana aiki ko babu rezo. Yaro zai cika tambayoyi a Kabo ko Bambari, wayar ta riƙe, ranar da ya samu rezo ya tura gaba ɗaya. Ka riƙe wannan da kyau: wayar tana iya ɗaukar daidai wurin da kuka tsaya da lokacin da kuka yi maganar, ko da bai rubuta sunanka ba.

Can ofis amsoshin suna taruwa layi-layi, dubu bisa dubu. Shugaban proje ba shi da lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya. A wuyansa akwai kuɗi ƙidayayyu, da wa'adi, da masu ba da kuɗin da ke jiran rahoto, ga ma'aikata ga motoci ga mai. Sai a zuba amsoshin cikin manhaja mai mayar da lissafi hoto, irin Power BI ta kamfanin Microsoft ko Tableau. Abin da ke fitowa shi ake kira allon bayanai. Direban da ke jan kamiyo daga Duwala zuwa Bangui ba ya tsayawa kowace awa ya buɗe inji. Allon da ke gabansa yake dubawa, ga ma'aunin mai, ga na zafi, ga jar fitila. To haka mai proje yake tuƙa aikinsa. Kuma kowane direba ya sani, in ma'aunin zafi ya mutu, za ka yi ta gudu hankali kwance har inji ya ƙone.

A fannin kasuwa, wata ƙungiya mai suna REACH da wasu ƙungiyoyin agaji suna bin farashi a kasuwannin ƙasar nan a kai a kai. Suna haɗa abin da iyali ke bukata su rayu wata guda, rogo, shinkafa, gyaɗa, mai, gishiri, sabulu da makamantansu, su ce wannan kwando ya kai kaza a Bangui, kaza a Birawo. Da irin wannan lissafi ake tattauna nawa za a ba 'yan gudun hijira in kuɗi za a raba musu maimakon kaya. Ka ga ke nan, Alhaji mai shago, farashin da ka jefa wa yaro don ya tafi ya ba ka wuri yana iya dawowa gare ka, domin kuɗin da aka raba a rumfunanku za a kashe su.

Kada a ce zanen nan ba shi da amfani. Kun tuna ƙarshen 2020 da farkon 2021, da 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, manyan motoci fiye da dubu suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai har makonni. Mu nan a farashin albasa da fulawa da siminti muka gani. Wanda ke zaune a Jeniba bai taɓa taya buhun albasa ba, bai san Beloko ba, amma layin farashi da ya miƙe sama a allo ya gane shi nan take.

A fannin kiwo kuma, hukumar kula da ƙaura ta duniya, OIM, tana da tsarin bin sawun tafiyar garkuna wanda ta tsara da ƙungiyar makiyaya ta Billital Maroobe, ana aiki da shi a Chadi da Kamaru da nan. Ana ajiye masu ƙirga a mashigai su rubuta abin da ya wuce. Akwai kuma mutane a garuruwa da ke buga waya su ce shanu sun iso da wuri ba a gama girbi ba, ko an yi ɓarna, ko an yi sata. Manufar ita ce labari ya kai ga masu sasantawa kafin a zare wuƙa.

Ina ƙirƙirarriyar basira ta shigo?

Wannan abu da ake ta yayatawa ba aljani ba ne, bai kuma san gaibu ba. Kwamfuta ce da aka nuna wa misalai dubbai har ta koyi kamanni. Kamar yaron ruga ne: ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa yadda saniya mai ciki take, gani ya yi ta yi har idonsa ya gane. Amma yaron da ya tashi cikin fararen shanu kaɗai, ranar da ya fara haɗuwa da jajaye masu dogon ƙaho zai yi kuskure. Ita ma na'ura iyakarta abin da aka nuna mata.

Babban aikinta shi ne duba hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda suka fi ƙarfin idon mutum saboda yawa. Taurarin Turai da ake kira Sentinel-2 suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar, kuma hotunan kyauta ne ga kowa. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita goma tsawo mita goma faɗi, don haka saniyarka ba ta fitowa a ciki. Abin da ke fitowa shi ne koren ƙasa, da ruwan tafki, da inda aka noma, da inda wuta ta ci. A ƙasashen Sahel ƙungiyar yaƙi da yunwa ta ACF ta daɗe tana fitar da taswirar yawan ciyawa daga hotunan sama, tana haɗawa da rahoton mutanen da ta ajiye cikin makiyaya. Akwai kuma taurarin 'yan kasuwa masu kaifin ido, na kuɗi. Da irinsu masu bincike na jami'ar Oxford suka koya wa kwamfuta ƙirga giwaye a Afirka ta Kudu. Giwa ba saniya ba ce, amma kun ga inda aka dosa.

Wuta ma ana ganinta. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da taswirar da ke nuna inda wuta ke ci a duniya cikin 'yan sa'o'i, kowa na iya buɗewa. Wanda ya sa wa daji wuta don sabon tsiro ya sani ya kunna fitila ce da ake hangowa daga sama, kuma masu tsaron gandun daji suna kallon irin wannan taswira. A gandun Chinko da ke gabas, inda ƙungiyar African Parks ke aiki tun 2014, har ayari gare su da ake kira Tango, masu fita su tarbi makiyaya su nuna musu hanyar da za su bi su kauce wa gandun.

Wani aikin nata shi ne cike gurbi, kuma nan ne ya kamata kunnenka ya tashi. Hukumar abinci ta duniya, PAM, tana da taswirar yunwa da ake kira HungerMap. A wasu wurare waya ake bugawa a tambayi mutane abin da suka ci. Inda babu wannan, kwamfuta ce ke duba ruwan sama da farashi da labarin rikici ta yi ƙiyasi. Duka biyu launi ne a allo ɗaya. Wanda bai duba ƙaramin rubutun gefe ba ba zai bambance abin da aka auna da abin da aka yi hasashe ba.

Na baya-bayan nan kuma ita ce mai rubutu. Yanzu shugaban proje yana iya rubuta wa manhajarsa tambaya kamar yana magana da akawu, ya ce nuna mini kasuwannin da masara ta fi tashi, ta zana masa, har ta rubuta masa taƙaitaccen rahoto da Faransanci mai santsi. Tana rage masa aikin kwanaki. Amma ba ta jin kunya, in ta yi kuskure da irin muryar da take faɗin gaskiya take faɗinsa.

Kore ba kiwo ba ne

Tauraro yana auna kore, ba ya ɗanɗana ciyawa. Duk makiyayin da ya yi kiwo a yammacin ƙasar nan ya san tsiron nan da ake kira Bokasa, wanda masu Faransanci ke ce wa ciyawar Laos. Ya mamaye makiyaya da yawa, yana yin duhu har ya fi mutum tsawo, yana kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa, shanu kuma ba sa cin sa. Daga sama kore ne shar. Kurmin bakin rafi ma kore ne, amma kai ka san gidan ƙudan tsando ne, wanda ya daɗe a ciki zai fito da sammore. Taswirar da aka yi don Sahel, inda kore yake nufin abinci, in aka ɗauko ta aka shimfiɗa a kan ƙasar kurmi ba gyara, za ta ce wa mai proje kiwo ya wadata a inda kai kake gudu. Da damina kuma gajimare yana rufe ƙasa kwana da kwanaki, tauraron da ke aiki da haske bai ga komai ba.

Sannan ba ya ganin tsoro. Fili yana iya cika da ciyawa saboda dalili ɗaya tak: ba wanda ya isa ya shiga, ko don zargina ko don masu bindiga. A allo wurin ya fi ko'ina kyau.

A kasuwa kuskuren ya fi wannan sauƙin aukuwa. Mu da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa biyar. Ka ce wa yaro ɗari biyu, kana nufin jaka guda, shi kuma ɗan makaranta ne da ya saba da lissafin faran, ya latsa 200. An raba farashinka gida biyar ke nan. Mai kula da lissafi a ofis yana iya kama irin wannan in ta fita daban, amma in yaran da yawa suka yi kuskure iri ɗaya sai ya zama kamar gaskiya. Haka ma'auni: mudu ba tiya ba ne, tiyar wani gari ba ta wani ba ce, ngawin rogo na safe da aka tula ba ɗaya yake da na yamma ba. A kara kuwa, kuɗin da aka sa wa sa daban, kuɗin da aka sallama daban, abin da ya shiga aljihun mai shi bayan la'adar dillali da kuɗin mota da na shingaye daban. Wanne yaron ya rubuta? In ya tambaye ka, ka faɗa masa da faran, ka faɗi ma'aunin, ka ce masa ya karanta maka abin da ya latsa. Minti ɗaya ne.

Wurin da ba a shafa wa launi ba

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wannan magana. A kowace taswira akwai wuraren da aka bari fari ko ruwan toka. Ma'anarsa ba a samu bayani ba. Amma idon mutum, musamman mutumin da ya gaji yana da taro ƙarfe uku, yana karanta shi da cewa babu matsala, ko ma babu kowa. Ja yana kiran kuɗi, fari ba ya kiran komai. Su wa ke zaune a farin? Waɗanda suke nesa da titi, inda motar proje ba ta zuwa saboda tsaro ko laka, inda rezo ba ya kaiwa. Wato ku.

Ƙasar nan ta shafe shekara ashirin da ɗoriya tana jingina da ƙidayar jama'a ta 2003, ga yaƙi ya watsa mutane a tsakani. Don cike wannan rami, masana a ƙasashe da yawa suna sa kwamfuta ta ƙirga gine-gine daga sama, sannan a yi ƙiyasin mutanen da ke ciki. A 2021 kamfanin Google ya fitar da taswirar gine-gine fiye da miliyan 500 a Afirka da aka gano ta wannan hanya. Rufin kwano mai kusurwa huɗu yana ƙyalli, ba ya ɓuya. Bukkar ciyawa a gindin itace, wadda launinta ɗaya da ƙasa, wadda kuma bayan wata biyu an tashi an bar ta, ita ce mai saurin kuɓucewa. Sankilo za ta fito cunkus. Rugar da ke da mata da yara masu bukatar rigakafin ƙyanda tana iya zama daji kawai.

Haka rahoton rikici. Taswirar tana nuna abin da aka bugo waya aka faɗa ne, ba duk abin da ya faru ba. In mai bugo wayar ɗan gari ne kaɗai, abin da zai shiga shi ne shanu sun ci rogo. An nome burtali, an toshe mashaya, an sari saniya a ƙafa, waɗannan ba za su shiga ba sai in akwai naku mai faɗa. Bayan shekara mai proje zai duba allonsa ya ga ɓarnar gona ta yi tsiri, ɓarnar burtali babu, ya tsara aikinsa a kan haka da zuciya ɗaya. Ba mugunta ya yi ba, abin da aka zuba masa ya gani. Inna mai tallan nono da man shanu ma da wuya a tsayar da ita a tambaye ta, alhali ita ta fi kowa sanin ranar da nono ya fara ja baya, kuma wannan alama tana riga mutuwar dabba zuwa.

Maganar jangali

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da hujja. Tun zamanin Turawa, wanda ya zo ƙirga shanu jangali ya kawo. Kakannin da yawa daga cikin Fulanin ƙasar nan sun shigo daga Adamawa ne a shekarun 1920, kuma nauyin abin da sarakuna ke karɓa yana cikin abin da ya taso su. A shekarun nan na rikici kuma kowa ya ga yadda sanin yawan dukiyar mutum ke jawo a sace ɗansa a nemi fansa. Mutumin da ya ƙi faɗin yawan shanunsa ba jahilci ne ya hana shi ba.

Sai dai ɓoyewar tana da nata farashi. Allurar ciwon huhu a ƙidaye ake sayo ta, a cikin sanyi ake ɗauko ta, ba a ƙaro ta a hanya. A ce misali rugage goma kowace ta faɗi kashi ɗaya cikin uku na abin da take da shi. Malamin dabbobi zai iso da abin da zai ishi kashi ɗaya, kashi biyu su kwana ba allura, cutar ta ci gaba da zagayawa a mashaya ɗaya. A sama kuma, ministan da ke neman kason kiwo a kasafin kuɗi da ƙaramin adadi zai shiga taro. Dubi Chadi: da suka yi ƙidayar dabbobi ta ƙasa baki ɗaya tsakanin 2012 da 2015, sun samu kusan kai miliyan 94, abin da ya ninka ƙiyasin da ake rubutawa a da nesa ba kusa ba. Dabbobin suna nan tun can, takarda ce ba ta san da su ba.

To ina mafita? A ganina a raba magana gida biyu. Akwai bayanin da proje ke bukata da gaske: yawan dabbobin yanki a dunƙule, cutar da ta ɓulla da ranar da aka fara ganinta, burtalin da aka toshe, mashayar da ta ƙafe, watan da kuka saba saukowa da wanda kuke komawa, abin da ake karɓa a kowane shinge. Wannan a bayar, kuma ya fi kyau ya bi ta hannun Ardo ko wakilin ƙungiyar makiyaya ta ƙasa, FNEC, a ce yankin kaza kai kaza, ba garken wane kai kaza ba. Akwai kuma bayanin da ba rijiya ba allura da ke bukatarsa: inda za ka kwana yau, hanyar da za ka bi gobe, ranar da kake ɗauko kuɗi daga kara, sunan mai shanun da kake yi wa kiwo, ranar da motar kayanka za ta taso daga iyaka. Wannan ka riƙe abinka.

Ba don yaron mugu ne ba. Abin da ya shiga kwamfuta yana daɗewa, yana kuma iya fita ta ƙofar da ba a zata ba. A watan Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar cewa ɓarayin intanet sun kutsa rumbun da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. In ya faru ga masu irin wannan tsaro, ƙaramin proje ba zai yi maka rantsuwa ba. Ƙa'idar ƙungiyoyin agaji ita ce sai da yardarka za a yi maka tambaya, kana da damar tsallake wadda ba ka so, kuma ƙin amsawa ba laifi ba ne. Ka nemi ganin katinsa, ka ji sunan ƙungiyar, ka karɓi lambar kai ƙorafi. Sannan ka yi masa tambaya guda: a taswirarku ni ɗigo ne a inda nake tsaye, ko an haɗa ni da sauran mutanen yanki? In bai sani ba, ya tambayo shugabansa ya dawo.

Ku nemi a nuna muku

Taswira tana iya zama sandarku ku ma. Shekara da shekaru fatake suna kukan shingaye, ana cewa ƙorafin 'yan kasuwa ne. A 2017 wata cibiyar bincike ta Beljiyam, IPIS, ta fitar da taswirar shingaye fiye da 280 a hanyoyin ƙasar nan, da bayanin masu riƙe da su, kuma hanyar shanu tana cikin abin da ta bi diddigi. Bayanin daga bakin direbobi da 'yan kasuwa irinku ya fito. Abin da kowa ya sani a tasha ya zama abin da za a ajiye kan tebur a nuna da yatsa.

Akwai kuma inda aka juya bututun ya koma wajen makiyayi. A Mali tun 2017 akwai tsarin da ake kira Garbal, na ƙungiyar SNV da kamfanin Orange, daga baya ya shiga Burkina Faso da Nijar. Makiyayi yana bugawa da ƙaramar wayarsa, a faɗa masa da harshen da yake ji inda ciyawa da ruwa suke, da cunkoson garkuna, da farashin kasuwa. Hotunan sama iri ɗaya ne da na ofis, bambancin wanda ake faɗa wa. Duk projen da ya zo karɓar bayani a wurinku, ku tambaye shi ta wace hanya sakamakon zai dawo, a takarda ne, a taro ne, ko ta rediyo.

In an kira ku taro aka haska taswira a bango, Ardo, kada kyan launi ya rufe maka baki. Ka tambayi watan da aka tattara bayanin, domin taswirar Satumba ba ta san Maris ba. Ka tambayi mutum nawa aka yi wa tambaya a yankinku, kuma cikinsu makiyaya nawa, mata nawa. Ka ce a karanta ɗan akwatin gefe mai fassara launuka, saboda ja a wata taswira yunwa ce, a wata rikici, a wata kuwa yawan shanu kawai. Ka nuna yankinku ka ce: nan zuwa kuka yi, ko na'ura ce ta yi ƙiyasi? In ka ga fari a inda ka san akwai rugage, ka tashi ka sa yatsa a wurin, ka faɗi sunan rafin da sunan Ardon, ka tsaya sai an rubuta. Shugaban proje mai hankali zai yi murna da wannan, domin gyaran da ka yi masa a minti biyar ya fi masa arha a kan rijiyar da zai haƙa inda ba mai sha.

Lokacin neman irin wannan zama shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin garkunan arewa su fara gangarowa ta wajen Sido da Markunda, rogo da gyaɗa kuma ba su gama barin gona ba. Ku je da wanda ya iya Faransanci ko Sango sosai, ku roƙi a buga muku taswirar a babbar takarda ku tafi da ita ruga, waɗanda ba su zo ba su ma su duba su yi gyara, a mayar wa ofis kafin a rufe tsarin aikin rani.